Kibod Mai Fitila: Inda Ya Kamata Kuɗinka Ya Tafi

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Jos ya zo mini gida wata Asabar da waya a hannu. Ya nuna mini hoton wani kibod yana walƙiya, ja na korar kore, kore na korar shuɗi, kamar motar kai amarya. Ya ce, "Kawu, wata huɗu ke nan ina tara kuɗi. Wannan zan saya, ko wancan mai farar fitila kawai?" Na tambaye shi wane irin suwic ne a cikin mai launukan. Ya yi shiru. Ya san salon walƙiya nawa kibod ɗin yake da shi, amma abin da yatsunsa za su riƙa dannawa sau dubbai a kowace rana bai taɓa tambaya ba.

Ban ga laifinsa ba. Hoton talla ba ya iya nuna yadda maɓalli ke nutsewa a ƙarƙashin yatsa, ba ya nuna ko kaya zai kai shekara biyar, sai a tura wa mai saye abin da ido ke saurin kamawa. Amsar da na ba shi ita zan shimfiɗa a nan. Fitilar kibod tana da amfani ƙwarai a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Launinta kuwa ado ne, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka biya wa kuɗi.

Tukuna ma, ka tabbata kana buƙatar kibod ɗin. Yawancin samarin da ke cika gidajen gem a Anguwan Rogo ko Gangare ko Bukuru ƙwallo suke bugawa a PlayStation, wasan da aka sani da FIFA kafin a mayar da sunansa EA Sports FC a 2023, kuma da hannun gem ake buga shi. Masu PUBG Mobile da Free Fire waya ce a tafinsu. Kibod na wanda ke buga Counter-Strike 2 ko Valorant ko Fortnite ko GTA V a kwamfuta ne, inda hannun hagu ke zaune a kan W da A da S da D, na dama yana kan maus. Sai kuma mai yawan rubutu: ɗalibi mai furojet, mai koyon rubuta manhaja, ɗan jarida. Irin waɗannan su ma suna cin moriyarsa, wani lokacin fiye da mai wasan.

Abin da ke ƙarƙashin hula

Kibod ɗin da aka saba gani a ofis da shagon buga takardu, shimfiɗar roba ce guda ɗaya a ƙarƙashin dukkan maɓallan, mai ƙananan tudu kamar an kife ƙoƙuna. Ka danna, tudun ya lotsa, ya haɗa layukan lantarki biyu, harafi ya fito. Dole sai ka kai maɓallin har ƙasa, kuma idan robar ta tsufa sai ta yi tauri ko ta saki. Wanda ake kira makanikal kuwa, kowane maɓalli da nasa ɗan inji: gida na roba, sanda mai hawa da sauka, sifirin, da 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa. Wannan ɗan injin shi ne suwic, abin da aka rubuta harafi a kansa kuma hula ce kawai da aka ɗora masa.

Ƙirar da ta mamaye kasuwa ta kamfanin Cherry na Jamus ce, wanda ya fito da suwic ɗin MX tun farkon shekarun 1980. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin nasu a kan wannan zubin. Dalilin da ya sa ke nan kibod makanikal ya sauko har ɗalibi zai iya tara masa kuɗi. Kada sunan Sin ya tsorata ka. Gateron da yawa sun fi Cherry santsi a yatsa, kuma Outemu, da ake samu a kibod masu sauƙin kuɗi irin Redragon K552, yana aiki daidai gwargwado.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen kibod ɗin roba da aka yi wa dogayen huluna da fitilu, aka rubuta a kwali da Turanci wai yana da "ji irin na makanikal". Sau da yawa har da maus da abin kunne ake haɗa shi a kwali ɗaya, a farashin da bai kai na kibod na gaskiya shi kaɗai ba. Wanda ya saya ya yi wa rogo kallon kitse. Hanyar ganewa mafi sauƙi ita ce a cire hular maɓalli guda. Idan ka ga ɗan akwati mai sanda a tsakiya da kai kamar alamar tarawa a lissafi, mai launin ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa, yawanci makanikal ne. Idan rami ka gani da roba a ƙasansa, ka ajiye.

Launin wannan sandar shi ne launin da ya fi kowane launi muhimmanci a kibod, don shi ke gaya maka halin suwic ɗin. Ja yana sauka sumul ba tangarɗa, nauyin kusan giram 45 ya ishe shi, harafi yana fita bayan milimita 2, duk tafiyar kuma milimita 4 ce. Masu wasan harbi sun fi son sa saboda ana iya maimaita dannawa da sauri. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya, yatsa zai ji lokacin da harafi ya fita ba tare da ƙara ba. Shuɗi yana da tudun, ga kuma ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar tafireta. Baƙi kamar ja yake, sai dai ya fi nauyi, wajen giram 60.

Shuɗi shi ya fi daɗi a shago, shi kuma ya fi jawo rigima a gida. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mutum uku a hostel, ko wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakin mahaifiya, ya tuna cewa ƙarfe ɗayan dare a Jos shiru gare shi, kuma ƙarar shuɗi tana ratsa ƙofa. Abokan wasanka ma za su ji ta a makirufo. Ni ruwan ƙasa nake ba mutum shawara idan kibod ɗaya zai yi masa wasa da rubutu. Akwai kuma abin da ba a faɗa a bidiyon talla, don masu yin sa ba a tudun Filato suke ba: a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare ke saukowa kusan digiri 10, yatsu suna sandarewa, kuma suwic mai tsananin laushi, irin azurfa da ke fitar da harafi bayan milimita 1.2 kacal, sai ya riƙa buga abin da ba ka yi niyya ba. Ɗan tudun ruwan ƙasa yana taimakon yatsa mai sanyi ya san inda yake.

Ƙura da dalma

A kwali za ka ga an ce suwic zai jure dannawa miliyan 50, wasu ma miliyan 100. A ɗakin gwaji aka auna wannan, ba a ɗakin da tagarsa ke kallon titin Bauchi a tsakiyar hunturu ba. Abin da ke kashe kibod a wajenmu ƙura ce. Tana shiga ta gefen sandar, ta kwanta a kan 'yan ƙarafan nan biyu, sai wata rana ka danna "a" sau ɗaya ka ga "aa", ko ka danna W mutuminka ya ƙi tafiya. Maɓalli ɗaya ne ya lalace cikin tamanin da wani abu, amma kusan kullum shi ne wanda ka fi buƙata.

Nan ne ya kamata kuɗin da ka so ba launi ya tafi. Kibod iri biyu ne wajen yadda aka kafa suwic a jikin faifan lantarkinsa. Akwai wanda aka liƙe ƙafafun kowane suwic da dalma. Mutumin Jos bai kamata dalma ta zame masa baƙuwa ba, don mafi yawan abin da ke cikinta daga kuza ake samun sa, kuzar da aka haƙe tudun nan saboda ita har aka bar mana tafkuna a Rayfield da Bukuru da Barkin Ladi. Idan suwic ɗin irin wannan kibod ya mutu, sai an kwance shi gaba ɗaya, an narke dalmar, an zuƙe ta, an sa sabo. Masu gyaran waya na kewayen Terminus za su iya, tunda aikinsu na kullum ya fi wannan ƙanƙanta, amma sai ka kai, ka jira, ka biya.

Iri na biyu shi ne mai cire-sa, wanda a kwali ake rubuta masa hot-swap. Suwic ɗinsa a soket yake zaune. Da ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki za ka zare wanda ya mutu, ka cusa sabo, cikin minti ɗaya ka koma wasanka. Idan babu sabo a kusa, ka ciro na wani maɓalli da ba ka taɓa amfani da shi, irin Scroll Lock ko Pause, ka mayar wajen W. A garin da kayan gyara sai an yo odarsu daga Legas ko ta intanet, wannan ba ƙaramar gata ba ce. Da za a ajiye mini kibod biyu a farashi ɗaya, ɗaya mai launi miliyan da suwic liƙaƙƙe, ɗaya mai farar fitila da cire-sa, ko sau goma aka tambaye ni na biyun zan ɗauka.

Sai dai ka lura da abu biyu. Wasu masu araha soket ɗinsu ƙananan ramuka gare shi, ba ya karɓar kowane suwic sai na Outemu mai siraran ƙafafu. Sannan akwai suwic mai ƙafa uku da mai ƙafa biyar. Faifan da ke karɓar mai biyar yana karɓar mai uku, amma idan naka na uku ne, sai ka datse ƙafafun roba biyu na gefe kafin mai biyar ya shiga. Ka kuma duba sandar: wadda aka zagaye kanta da ɗan bango, irin Kailh Box da wasu Outemu, ta fi hana ƙura shiga. Akwai masu aiki da haske ko maganaɗisu maimakon haɗuwar ƙarfe, waɗanda matsalar maimaita harafi ba ta cika damun su ba, amma farashinsu ya fi, kuma suwic ɗinsu ba ya shiga gurbin na gama-gari.

Yanzu ga fitilar

Wanda ya ce fitila a kibod ɓarnar kuɗi ce bai taɓa zama a ɗaki ƙarfe tara na dare an ɗauke wuta, batirin laftof na da sauran awa biyu, gobe kuma za a karɓi asamen ba. Hasken sikirin yana faɗa wa fuskarka ne, ba ya sauka sosai a kan maɓallai, kuma idon da ya saba da hasken sikirin idan ya sauko ƙasa duhu yake gani. Ko wanda ya iya rubutu ba tare da kallo ba yakan nemi layin lambobi, ko F5, ko alamar da ba ya yawan bugawa. A wasa kuma, hannu yakan goce daga W ya koma E cikin ruɗani, kallo ɗaya ke mayar da shi. Don haka fitila, a saya. Maganar ita ce wace iri.

Iri uku ake sayarwa, kuma ana yawan cakuɗa biyu daga ciki da gangan. Na farko launi ɗaya ne, fari ko ja ko shuɗi. Na biyu shi ne bakan gizo: kowane layi da launinsa da aka kafa tun daga masana'anta, na sama ja, na biye kore, haka dai, kuma ba ka da ikon sauyawa. Za ka iya sa shi ya yi walƙiya ko ya dushe, amma ba za ka iya mayar da shi fari duka ba. Na uku shi ne RGB na gaskiya, inda ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yan ƙwayaye uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da matakin haske 256. Ka ninka 256 sau 256 sau 256, ka sami 16,777,216, wato launi miliyan 16.8 ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali. Irin wannan ya bazu ne daga 2014, lokacin da Corsair ya fitar da K70 RGB da suwic ɗin Cherry mai gida garai-garai.

A cikin ukun nan, bakan gizo shi ne mafi rashin amfani, kuma shi ake yawan miƙo wa mutum idan ya ce yana son RGB. Ido yana wahala da shi, saboda harafin da ke kan shuɗi mai duhu bai fito kamar wanda ke kan kore ba, ga shi ba ka da yadda za ka yi. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka ce wa mai shago, "Malam, mayar mini da shi duka launi ɗaya, sannan ka sauya zuwa wani." Idan ya gagara, ba RGB ba ne, kada ka biya kuɗin RGB.

Launi ba ya ƙara wa kibod sauri ko da ƙiftawar ido. Ƙwan fitilar da suwic ɗin ba aikinsu ɗaya ba. Amma ba zan ce RGB na gaskiya ba shi da wani amfani ba. Amfaninsa shi ne rarrabewa. Za ka iya kashe dukkan maɓallai ka bar W, A, S, D da lambobin makamai suna haske, ko ka ba maɓallan wani aiki launi dabam. Mai haɗa bidiyo ko mai koyon sabon wasa mai umarni da yawa zai ji daɗin wannan a makonnin farko, kafin yatsu su haddace. Wasu wasannin kuma suna magana da fitilar, ta koma ja idan ranka ya kusa ƙarewa, sai dai mai wasa da gaske idonsa na kan sikirin, ba zai gani ba. Abin da na lura da shi wajen kusan duk wanda na sani mai RGB shi ne, makon farko yana sauya salo kullum, bayan wata guda ya tsayar da shi a launi ɗaya, ya rage haske, bai ƙara taɓawa ba. Idan a launi ɗaya za ka ƙare, gara ka fara daga can. Har ma farin da RGB ke haɗawa ba ya fita tas, yakan yi shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, bai kai farin ƙwan da aka yi shi fari tun asali ba.

Duk da haka, idan kana son launin don yana faranta maka rai, ko kana ɗaukar bidiyon wasanka kana ɗorawa a YouTube ko TikTok kana son teburinka ya yi kyau, wannan dalili ne na gaskiya kuma ba abin kunya ba ne. Mutum yakan sayi hula mai aiki alhali marar aiki ma tana rufe kai. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya zo bayan suwic da cire-sa, kada ya zo a madadinsu.

Hular maɓallin ita ke yanke hukuncin ko fitilar za ta yi maka aiki. Mafi araha ita ce farar roba da aka shafa wa baƙin fenti, aka ƙona siffar harafin da leza don haske ya fito. Da gumi da gogayya fentin yana ɓarewa, A da S su zama dunƙulen haske ba harafi. Mai kyau ita ce mai zubi biyu, inda harafin roba ce dabam da aka zuba a cikin jikin hular, ba ya gogewa har abada. Ka kifa hular ka duba cikinta, za ka ga launi biyu. Robar ma iri biyu ce: ABS tana yin sheƙi da santsi bayan watanni, PBT ta fi jurewa kuma tana da ɗan kaushi mai daɗin taɓawa. Amma ga tarko: huluna da yawa na PBT ba sa barin haske ya ratsa harafin sam. Fitilar sai ta riƙa fitowa ta tsakanin maɓallai, kyakkyawa a hoto, amma a duhu harafin baƙi ƙirin. Ka rufe kibod ɗin da hannu ko da riga a shago, ka leƙa ka ga ko harafin kansa ne ke haske.

Batun cin wuta kuwa bai kai yadda ake tsoro ba. Ramin USB na 2.0 yana ba da bolt 5 da miliamf 500, wato wat 2.5 ne iyakarsa, kuma a cikin wannan yawancin kibod ke rayuwa da fitilunsu duka. Ga mai inbata ko sola wannan ba komai ba ne. Ga laftof da ke kan batiri kuwa ana jin sa kaɗan, don haka ka rage hasken zuwa mataki na ɗaya ko na biyu, wanda dama shi ya fi wa ido daɗi a duhu. Inda fitila ke cin batiri da gaske shi ne kibod marar waya, wanda cajin da zai kai shi kwana da kwanaki a kashe yake ƙarewa da wuri idan an kunna launuka. Da dare ni ja ko ruwan lemo mai rauni na fi so, don ba ya kashe ido idan ka ɗago ka dubi ɗaki, kuma haske mai shuɗi shi aka fi sani da jinkirta barci, kodayake a wannan fannin sikirin ɗinka ya fi kibod laifi nesa ba kusa ba.

Wani abin dubawa shi ne manhaja. Manyan kamfanoni suna so ka sauke tasu kafin ka sarrafa launi: Razer da Synapse, Corsair da iCUE, Logitech da G Hub. Suna cin data wajen saukewa da sabuntawa, suna kuma zaune a bayan fage suna jan ƙarfin kwamfuta. Ka nemi kibod da ake sauya haskensa da maɓallin Fn, wanda kuma ke riƙe saitinsa a cikin kansa ko an zare shi.

Girma, waya, da lambobin talla

Cikakken kibod maɓalli 104 gare shi. Wanda aka yanke wa ɓangaren lambobi na dama, da ake kira TKL, yana da 87. Ƙaramin nan na kashi 60, irin Royal Kludge RK61, yana da 61, babu layin F, kibiyoyi ma sai an haɗa da Fn. Ga mai wasa TKL ya fi, saboda yana bar wa maus fili kuma kafaɗu ba sa buɗewa da yawa. Mai aikin lissafi a Excel ya zauna a kan cikakke. Kashi 60 yana da kyan gani da sauƙin sawa a jaka, amma ɗalibin da zai rubuta furojet da shi zai gaji da neman kibiya. Mai rubutun Hausa kuma ya sani cewa ƙ da ɗ da ɓ ba daga jikin kibod suke fitowa ba, daga tsarin da ka zaɓa a kwamfuta ne, ko na Hausa da ke cikin Windows ko na Keyman. Wasu tsare-tsaren suna dogara da Alt na dama, don haka kada ka sayi ƙaramin da aka cire masa shi.

Ka tabbata yana karɓar maɓallai da yawa a lokaci guda. A wasa za ka riƙe W da A da Shift, ka kuma buga Space, kibod mai rauni sai ya haɗiye ɗaya. Alamar NKRO a kwali tana nufin ko nawa ka danna zai ƙirga. Mai karɓar shida ma ya wadatar.

Sauran lambobin kada su ruɗe ka. Kibod mai aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa, tazarar da ke tsakanin saƙonninsa milisakan 1 ce. Ana sayar da masu 8000 da tsada, alhali sikirin mai 60Hz sai bayan milisakan 16 da ɗoriya yake sauya hoto, kuma saƙonka daga Jos zuwa sabar wasa a Turai ya dawo yakan haura milisakan 100. Kuɗin ya fi amfani a wajen intanet mai kyau. Haka nan kada ka biya kuɗi don dabarun da ake tallatawa na taimaka wa yatsa wajen sauya hagu da dama: a Agustan 2024 kamfanin Valve ya haramta irinsu a Counter-Strike 2. Game da waya, mai igiya ya fi kwanciyar hankali, musamman wanda igiyarsa ke cirewa ta USB-C, don igiya ce ke fara karyewa kuma irin ta cajin waya tana maye gurbinta. Idan dole sai marar waya, ka yi wasa ta ɗan abin da ake cusawa a USB mai 2.4GHz. Bluetooth na rubutu ne.

Ranar saye

Shagunan kwamfuta na kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello su ne wurin fara dubawa, don a can kaɗai za ka taɓa kafin ka biya. Ka tafi da laftof ɗinka. Na taɓa karɓar wani kibod a kwali a rufe saboda mai shagon ya ce buɗewa zai rage masa daraja, na isa gida na tarar maɓalli biyu ba sa aiki, komawa kuma ta zama doguwar magana. Tun daga ranar ba na biya sai an jona a gabana.

Ka buɗe Notepad ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau uku, kana kallon ko wani zai fito biyu ko ya ƙi fitowa. Ka riƙe Shift na hagu da na dama tare, ka rubuta jimla mai tsawo, ka ga ko haruffa za su ɓace. Ka buga Space a gefen hagu, a tsakiya, a gefen dama. Idan yana karkata ko yana kwaramniya kamar gwangwani, ƙarfen da ke tallafe da shi ba shi da kyau, kuma wannan ƙarar za ka riƙa ji kullum. Ka kama kibod ɗin ta gefe biyu ka ɗan murɗa. Mai farantin ƙarfe a ciki ba ya lanƙwasa, kuma nauyinsa yana hana shi zamewa a tebur. Sannan ka sa fitilar ja zalla, kore zalla, shuɗi zalla, kana duba ko akwai maɓallin da ya bambanta da 'yan'uwansa, don ƙwai ɗaya cikin ukun yakan mutu shi kaɗai. Ka leƙa kwali ka ga ko an sako abin cire hula da na cire suwic, da 'yan suwic na ƙari. Ka karɓi rasit, a rubuta kwanakin da za ka iya dawowa da shi.

Kayan Beljiyam ba abin ƙi ba ne. Tsohon kibod na babban kamfani yakan fi sabon da ba a san mai yin sa ba, muddin ya ci wannan gwajin kuma igiyarsa ba ta tsage ba. Idan ta Jumia ko Konga ko AliExpress za ka yi oda, ka karanta sunan suwic ɗin a bayanin kaya, ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, kuma ka ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe kwalin. Ka haɗa da ɗan ƙunshin suwic goma a odar, kuɗin kawowa ɗaya ne.

Idan ya shigo gida, ka samo masa mayafi, ko tsohon ɗankwali ne, ka riƙa rufe shi duk lokacin da ka tashi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sau ɗaya a mako ka kifa shi ka bubbuga bayansa, ka bi tsakanin maɓallai da busasshen buroshin fenti. Bayan hunturu ka ɗauki hotonsa don ka tuna wurin kowane harafi, ka cire hulunan, ka wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar su su kwana su bushe sarai kafin ka mayar. Kofin shayi ya zauna a ɗaya gefen teburin. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo ana tsawa irin ta Jos, ka zare kwamfutar daga bango.

Ɗan yayata ya sayi TKL mai suwic ruwan ƙasa, mai cire-sa, da farar fitila. Canjin da ya rage ya sayi shimfiɗar maus mai faɗi da suwic goma na ajiya. A hunturun da ya biyo baya D ɗinsa ya fara maimaita kansa, ya kira ni ya ce, "Kawu, na canja shi da kaina, ko kashe kwamfutar ban yi ba."